Estirudar Malam Mijinyawa

Malam Mijinyawa na unguwar Yara a Keffi mutum ne da ba ya son a riga shi gyara abu. Ban ce aibi ne ba. Na faɗa ne don a san da wa ake magana.

A ofishin safiyo ya yi aikinsa, yana zanen filaye da hanyoyi, da fari da fensir da rula, daga baya da kwamfuta. Da ya yi ritaya ya dawo gida ya zauna, sai zaman ya yi wa mutanen gidan nauyi. Yakan leƙa madafa ya ce murhu ya karkace, ya fito tsakar gida ya ce igiyar shanya ba ta miƙe ba. Ana cikin haka ɗansa Akram, da ke aiki a Abuja, ya zo wata Asabar da kwali a bayan mota, ya ce, "Baba, ga abin da zai ɗebe maka kewa." Wasu na cewa uwarsa ce ta sa shi. Ita dai ba ta taɓa faɗa ba.

Injin buga roba ne, ɗan ƙarami, da ake ɗorawa kan tebur. Mutum ya zana abu a kwamfuta, shi kuma injin ya narkar da zaren roba da ke naɗe a kwarkwaro, ya riƙa shimfiɗa shi layi kan layi har abin ya tashi, kamar yadda mai ginin tukunya ke ɗora yumɓu. Ga wanda ya yi rayuwarsa yana zanen abin da wasu za su gina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu shi ke zanawa, shi ke ginawa.

Kafin damina ta wuce, rabin unguwar na da abin hannunsa. Maɓallin murhun gas, mariƙin buta, murfin jarka, abin rataye carbi a masallaci. Ba ya karɓar komai. Abin da yake so kawai a ce, "Ai Malam ne ya yi."

Amma duk wannan a gefe yake. Aikin da ya fi riƙewa da muhimmanci shi ne na matarsa, Hajiya Amarya, wadda sunan ya bi tun ranar da aka kawo ta har ta yi jikoki. In abu ya karye mata, ba ta zuwa ta ce ya gyara. Takan ajiye shi a bakin tagar ɗakinsa ta wuce. Shi ma ba ya cewa ya gani. Da la'asar sai ta tarar da sabo a wurin, ta ɗauka, ta juya shi a hannu, ta ce, "Uhm," ta koma madafa. Wanda ya san gidan ya san yawancin hirarsu ta tsufa a bakin tagar nan ake yin ta.

Yana da aboki a Jigwada, Malam Ezra, tsohon malamin aikin katako da ƙarfe a sakandare. Tun suna samari suka yi haya a gida ɗaya. Mijinyawa na kiransa Ticha, shi kuma yana kiransa Safiyo. Ezra ya zo ya ga injin, ya tsaya a kansa har lokacin salla ya yi aka bar shi a ɗakin shi kaɗai. Ba a daɗe ba 'yarsa Judit ta aiko masa da nasa.

Da fari Mijinyawa ya yi murna. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Jigwada yana koya masa daidaita farantin da injin ke gini a kai da ɗan yankin takarda, da ɓoye zare a bokiti mai murfi da damina don kada ya sha danshi ya riƙa tartsatsi. A majalisarmu ta ƙofar masallaci yakan ce, "Ɗalibina yana ƙoƙari. Hannunsa dai da nauyi."

Injinan biyu kusan ɗaya suke, sai a wuri guda. A jikin kowanne akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke damƙe zaren yana tura shi zuwa wuta. Masu wannan sha'awa estiruda suke ce masa. Ta Mijinyawa tana can gefe a jikin ginshiƙi, daga nan take tura zaren ta cikin wani siririn tiyo mai tsawo har ya kai bakin da ke narkarwa. Ta Ezra kuwa a kan bakin take zaune, babu tiyo tsakani. Muddin zaren mai tauri ne, ba ka ganin bambanci. Amma akwai wani zare mai laushi, irin na robar takalmi, kuma shi ba ya yarda a turo shi daga nesa. Sai ya lanƙwashe a hanya.

Hajiya Amarya tana da wata babbar kula, ruwan ganye, wadda da ita take aika abinci gidajen da take girmamawa. Zoben robar da ke cikin murfin ya tsufa ya tsattsage, miya ta fara bin gefe. Ta cire shi ta ajiye a bakin taga.

Mijinyawa ya sa Akram ya kawo masa zare mai laushi. Ya auna, ya zana, ya kunna. Injin ya yi ta kai da kawowa a kan faranti, babu abin da ke fita. Da ya buɗe, zaren ya cukurkuɗe a bakin tiyo kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Ya warware ya sake. Ya sake kuma. La'asar ta yi, bakin taga babu sabon abu. Washegari ma haka. Da Babbar Salla ta zo, Hajiya ta ɗauki tsohon zobenta ta mayar, ta naɗe murfin da leda, ta zuba shinkafa da miya da soyayyen nama, ta aika wa Angela matar Ezra, kamar yadda take yi kowace shekara.

To, a garin nan ba a mayar da kwano fayau. Ko gyaɗa ce sai an zuba. Kula ta dawo da yamma da gwaten acca a ciki, babu leda a murfin, babu ɗigo a gefe. Hajiya ta buɗe a tsakar gida, ta ga sabon zobe, baƙi, mai santsi, ya zauna daram. Ta taɓa shi da yatsa ta ce, "Uhm."

Mijinyawa yana kan tabarma yana jin ta. Wannan "uhm" ɗin bai taɓa jin an yi wa aikin wani ba.

"Ke kika ce ya yi?"

"Ni abinci na aika, Malam."

"Abinci ne ya gaya masa girman murfin?"

"Ticha yana da ido. Zo ka ci gwate tun da zafinsa."

Ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ke son gwaten Angela har yana sa a ajiye masa na safe.

Ni na san Ezra. Ya ga abu ya lalace ne ya gyara, kamar yadda zai tsinci ƙusa a hanya ya kawar. Amma wannan bayani ba ya shiga kunnen da ya riga ya ji abin da ya ji.

Daga nan bakin taga ya fara ragewa. Abu mai tauri yana zuwa, jefi-jefi. Mai laushi kuwa ya daina. Wata rana Mijinyawa ya je Jigwada gaisuwa, yana zama sai idonsa ya sauka kan tebur, ya ga toshiyar fulas ɗin shayin gidansa, wanda yake sha kowace asuba, tana jiran layi tare da kayan mutane.

"Ticha, wannan fa?"

"Au, Hajiya ce ta ba Maman Judit. Robar ta saki. Yanzu zan yi, in ba ka ka tafi da ita."

"A'a, bar ta. Wanda ya kawo ya zo ya karɓa."

"Safiyo, fushi kake?"

"Da wa? Ina ruwana da toshiya."

Ya sha ruwan da aka kawo masa rabi, ya ce yana da uzuri.

Bayan kwana biyu ya zo ya same ni ya ce in raka shi Abuja. Ni yake ɗauka rakiya saboda ba na tambaya. Muka hau mota a tasha, muka yi ta tafiya har muka wuce Masaka. Can ya ce, kamar da kansa yake, "Mutum ka koya masa riƙe takarda." Bai ƙarasa ba.

Shagon yana wani bene na masu kayan kwamfuta. Mai shi, Sadiƙ, mutum ne mai fara'a da ɗan furfura a gemu. Ya duba hoton injin a wayar Mijinyawa, ya shiga ciki ya fito da ƙananan kwalaye ya jera.

"Alhaji, me kake son bugawa? Daga nan ake farawa."

"Komai."

"Babu mai buga komai. Mai tauri ko mai laushi?"

"Mai laushi. Wani lokaci."

Sadiƙ ya ture kwali ɗaya gefe. Ya ce wannan ƙarfe ce, haƙoranta biyu, ta fi ta jikin injin riƙo, amma a gefe za ta zauna, tiyon yana nan, zare mai laushi zai ci gaba da yi masa gardama. Ya buɗe na biyu, ya ciro wata 'yar ƙarama da ba ta fi akwatin ashana biyu ba.

"Ga taka. A kan baki take zama, ba nauyi. Injinka mai hannu ɗaya ne, ginshiƙi guda ke riƙe da shi, ba ya son kaya. Duk masu irinsa wannan suke saye."

Na ga Mijinyawa ya karɓa, ya juya ta. Baƙa ce, da ɗan jan maɓalli a gefe. Ni ma na taɓa ganin irinta, a wani tebur a Jigwada. Ya ajiye ta a hankali, ya goge yatsunsa a riga.

"Wancan kwalin fa?"

"Wannan ba taka ba ce, Alhaji. Ta manyan injina ce, masu ginshiƙi biyu."

"Tana tura mai laushi?"

"Tana turawa, har ta fi. Amma ɗaga ka ji."

Ya ɗaga. Tana da nauyi, fara fat, tana ƙyalli kamar sabuwar tukunyar amare. Na ga fuskarsa ta saki a karo na farko tun Keffi.

"Akwai wanda ya saye ta daga wajenmu?"

"Daga Keffi? Babu. Alhaji, ka ji ni, kamar ka ɗora buhun masara ne a kan keken yara. Hannun injin zai sunkuya."

"Hannun zai saba."

Sadiƙ ya dube ni. Ni kuma na dubi fanka.

Babbar Mijinyawa ya saya. Da muka dawo gida ya ɗaura ta da kansa, ya bar ƙofar ɗakin a buɗe don mai wucewa ya gani. Gaskiya ta yi kyau a ido. Kuma ta tura zaren, ba ta yi gardama ba. Sai dai hannun injin ya ɗan duƙa daga ƙarshe, kaɗan ƙwarai, ta yadda baki ke danne faranti ta wani gefe yana ɗagawa ta wani. Zoben ya fito, gefe ɗaya da kauri, ɗayan siriri kuma da ƙananan ƙofofi. Mutumin da ke hango karkacewar igiyar shanya daga ƙofar gida bai ga wannan ba. Ko kuwa ya gani.

A makon nan Angela ta zame a bayan gida ta bugu a gwiwa. Hajiya ta ce za ta je dubiya, ta ɗora miyar agushi da manja. Tana wanka Mijinyawa ya shiga madafa, ya cire zoben Ezra daga murfin kula, ya sa nasa. Ina jin so yake in an buɗe a Jigwada a san gidan nan yana da mai gyara.

Hajiya ta sa leshinta mai ruwan madara, wanda surukarta Ihsan ta ɗinka mata, ta hau keke napep ta ɗora kula a cinya. Hanyar Jigwada da damina kowa ya san ta. Kafin su kai, manja ya yi abin da manja ke yi. Ba ta juya ba. Ta shiga ta gaida Angela da mayafi a rufe da gabanta, ta zauna gwargwadon yadda ake zama, ta dawo.

Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Da ta kawo masa tuwo, sai ya ga zobensa a kan faifan, an wanke shi tas.

"Malam, ina na Ticha?"

"Yana nan."

"To, ya zauna a nan. Kular ma ta huta."

Ta ɗora ta can saman kabad. Leshin ya sha wanki ya sha rana, tabon ya ƙi fita, tsakar gida kuma nan ne hanyar Mijinyawa zuwa masallaci, sai ya bi ta ƙarƙashinsa. Bakin taga ya zama wurin ƙadangaru. Ko mai taurin ya daina zuwa. Mariƙin ludayinta ya karye, ta ɗaure shi da tsumma ta ci gaba da aiki, a gabansa.

Wannan tsumman ne ya mayar da mu Abuja.

Sadiƙ yana ganin kwalin ya ce, "Alhaji, sannu da hanya. Keken ya gaji ke nan?"

"Ba ni 'yar ƙaramar."

"Mai jan maɓalli? Ko akwai mai irinta a wajenku ne da ba ka so?"

"Irin ta injina na ce ka ba ni."

Sadiƙ ya karɓi babbar, ya duba haƙoranta, ya yi musanya.

Wannan karon ƙofar ɗakin a rufe take. Ya daidaita hannun injin, ya ɗaura ƙaramar, har ya buga mata ɗan gida na farar roba ya rufe ta, wai saboda ƙura. Jan maɓallin ya ɓace. Amma zobe bai fito daidai ba tukuna. Yana fitowa da gashi-gashi da ƙuraje, kuma Mijinyawa ya san wanda ya san dalili, ya kuma san ba zai tambaye shi ba.

Ezra ya zo majalisa ran Laraba, wai ya zo gode wa waɗanda suka je duba matarsa. Ya zauna kusa da ni, Mijinyawa na can ƙarshen benci yana duban titi. Aka yi hirar ruwan sama da hanyar Gitata. Can Ezra ya juyo gare ni, ni da ban taɓa kunna injin ba, ya ce da ƙarfi, "Malam Ubale, ka san robar nan mai laushi halinka gare ta? Ba ta son gaggawa. In ka ce ta yi sauri sai ta ɓata maka aiki. Sai ka rage gudu sosai, ka bar ta ta zo da ƙafarta. Ni sai da na ɓata rabin kwarkwaro kafin na gane."

Na ce, "Allah Sarki."

"Kuma kada ka matse ta da yawa. Tsofaffi ba sa son matsi."

Aka yi dariya. Mijinyawa bai yi ba. Ya ce, "Ticha, in ka gama lacca ka matsa, ka danne mini riga." Amma da na bi ta bayan gidansa da la'asar, na ji kukan injin ya sauya. A hankali yake tafiya, kamar mai jan carbi.

Ranar Alhamis ya sauko da kula da kansa, ya sa sabon zobe, ya cika ta da ruwa ya kifa a tsakar gida. Ƙasa ta zauna a bushe. Hajiya na tankaɗe tana kallo ta wutsiyar ido.

"Ruwa ne wannan," in ji ta. "Ruwa ba ya ɓata kaya."

Washegari bayan an sauko Juma'a ya ce in zo mu je duba Angela. Na tarar da shi a ƙofar gida cikin farar shaddarsa, wadda ta sha guga, Hajiya na fitowa da kula. Ƙamshin manja ya riga ta isowa. Mai keke ya tsaya, ta shiga, ya shiga, ni na zauna daga gefe. Sai ta ɗauki kular ta ɗora masa a cinya.

"Kai za ka riƙe, Malam."

Ya dube ta, ya dubi rigarsa. Ya sa hannu biyu ya riƙe.

Mai keken yaro ne mai sauri, kuma bai bar rami ɗaya bai gaisa da shi ba. Mijinyawa bai ce ya rage ba. Duk inda muka yi tsalle sai in ga ya ɗan ɗaga kular ya leƙa ƙarƙashi. Hajiya tana kallon shaguna. Da muka sauka a Jigwada ya miƙe, ya kakkaɓe rigar. Fara ce kamar yadda ta bar gida.

Angela tana kan kujera da ƙafa a miƙe. Aka gaisa, aka tambayi gwiwa, ta ce da sauƙi. Ta jawo kula ta buɗe, tururi ya tashi.

"Hajiya, kin sake wahala. Kai, ka ga murfin nan, ko ɗigo. Ai na gaya miki, robar Baban Judit ba ta ba da kunya. Rannan dai ban san abin da ya same ta ba."

Ezra ya sunkuya yana gyara takalmi. Mijinyawa ya zuba wa kalandar bango ido, wuyansa a miƙe. Bai dubi matarsa ba, amma duk jikinsa ita yake saurare.

Hajiya ta gyara mayafi. "Wannan ta gida ce," in ji ta.

"Au! Malam ne ya yi?"

"Shi ne."

Ezra ya karɓi murfin, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya bi zoben da babban yatsa har ya zagaye.

"Safiyo, wannan ya fi nawa santsi. Wace estiruda ka sa?"

"Wata ce dai."

"Ba ta da suna?"

"Ticha, ka ci abinci, miya za ta huce."

A hanyar dawowa rana ta yi sanyi. Mun kusa Yara Hajiya ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Famfon madafa yana ɗiga. Robar ciki ce, ina ji."

Mijinyawa ya juyo.

"Ticha ya sani?"

"Bai sani ba."

"To," in ji shi. Ya ce wa mai keke ya ɗan ƙara gudu.